Tsiro mai tulu a ɗaki: na kwari ko na tsauni?

Nepenthes, tsiron da ganyensa ke fidda ɗan tulu mai murfi yana kama ƙwari, kashi biyu ne. Wanda zai ajiye shi a ɗaki a Maraɗi ya san wanne ya ɗauko.

Na tsauni, irin Nepenthes rajah na dutsen Kinabalu a tsibirin Borneo da ke kudu maso gabashin Asiya, yana tsirowa sama da mita 1000, kuma sai dare ya yi sanyi, wajen digiri 15, yake sakewa. Ina za a samo wannan a watan Afrilu, da zafi ke haura 40? Sai da na'urar sanyaya ɗaki, wutar kuma a ɗauke.

Na kwari, kamar Nepenthes mirabilis, ya fi dacewa da mu, don zafin digiri 30 bai dame shi ba. Abokin gabarsa hunturu ne: iska ta bushe, sai ka ga bakin tulun ya yi ƙasa-ƙasa, sabo kuma ya ƙi fitowa. Maganin shi ne akwatin gilashi kusa da taga, inda rana ba ta dukansa kai tsaye.

Dukansu ruwan sama suke so, ban da na famfo, kuma ba a zuba musu taki. Tara ruwan tun damina.