Babur Ɗin Doguwar Tafiya: Wane Inji Ne Mai Shi Zai Iya Gyarawa a Gindin Bishiya?

Wanda yake hawa babur daga gida zuwa kasuwa bai cika damuwa da irin injin da ke ƙarƙashinsa ba, domin duk inda ya mutu masa akwai bakanike a kusa. Lissafin yana sauyawa ne ranar da mutum ya ɗaure jaka a baya, ya tashi daga Kano ya bi ta Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, ya wuce Gombe da Numan, ya gangara Jalingo, sannan ya kama hawan tsaunin Mambila har Gembu. A irin wannan hanya akwai wuraren da za a yi tafiyar sa'a guda ba a ga rumfar mai faci ba, kuma a nan ne ake gane bambanci tsakanin babur ɗin da ya yi kyau a wurin dillali da wanda mai shi zai iya kwancewa ya mayar da sifana biyar da sukudireba.

Mai irin wannan niyya yakan tarar da zaɓi huɗu a gabansa: injin Honda CG125 da danginsa, Bajaj Boxer, TVS, sai kuma manyan baburan Turai da Japan da ake shigowa da su na hannu. Ni dai ba zan ɓoye ba, injin CG nake bayan, kuma ina da dalili.

Kamfanin Honda ya fitar da CG125 a shekarar 1975, bayan injiniyoyinsa sun zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya sun ga yadda talakawa ke amfani da babur: a ɗora masa mutum uku da kaya, a ƙi canza baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, a bar matatar iska ta toshe da ƙura. Injinan da suke sayarwa a lokacin suna da sandar kam, wato sandar da ke juyawa tana buɗe bawul, a can saman inji, wurin da mai ke isa a ƙarshe, don haka da zarar mai ya lalace sai saman injin ya cinye. Maganin da suka kawo shi ne su sauko da sandar kam ƙasa kusa da inda mai ke kwance, su bar wasu siraran sanduna biyu su riƙa tura bawul daga ƙasa. Wannan tsari ya kawar da sarƙar tayimin gaba ɗaya, wato babu wadda za ta saki ta riƙa ƙara, babu wadda za ta tsallake haƙori ta sa fistin ya doki bawul. Kusan shekara hamsin ke nan ana ƙera wannan inji, an yi shi a Birazil, ana yin sa a Pakistan, kuma masana'antun China da yawa sun kwaikwayi fasalinsa, abin da ya sa kayansa suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma.

Daɗin aikinsa sai wanda ya taɓa buɗe shi. Idan inji ya kwana ya huce, a cire murfin sama, a juya inji har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin murfin gefe, sai a zura fila geji, wato siririn ƙarfen auna tazara, mai kaurin milimita 0.08 tsakanin kan bawul da sukurun da ke danna shi. In ya shige sakwa-sakwa ko ya ƙi shiga, a sassauta noti, a murɗa sukuru har ƙarfen ya riƙa wucewa da ɗan riƙo kamar ana jan takarda daga ƙarƙashin kofi, sannan a ɗaure. Aikin minti ashirin ne, kuma na taɓa yin sa a kan tabarma a tsakar gidan da na sauka, yara suna riƙe mini fitila. Tace mai ma ba ya buƙatar a sayi wani abu sabo, domin wata 'yar raga ce a bayan babban noti mai lamba 24 a gefen inji, wadda ake wankewa da fetur a mayar. Mai kusan lita ɗaya yake sha. Yana da kiki, saboda haka mutuwar batir ba ta hana tafiya. Kafireta yake amfani da ita, wadda idan aka sha fetur mai ruwa ko datti daga galan ɗin bakin hanya, sukuru ɗaya ake kwancewa a ƙasanta a zubar da gurɓataccen. A saman Mambila, inda tudun ya haura mita 1,500 kuma iska ta yi ƙaranci, injin kan ɗan shaƙe ya baƙanta fulogi, amma wannan ma da hannu ake daidaita shi.

Aibinsa ba ɓoyayye ba ne. Idan aka wuce gudun kilomita tamanin a sa'a yana karkarwa har tafin hannu ya yi sanyi, birkin ganga da ke kan yawancinsu ba ya kama kamar na faranti, kuma a hawan dutse da kaya sai an koma giya ta biyu an yi haƙuri. Wanda yake son ya riƙa tsere da motocin haya ya nemi wani.

Bajaj Boxer, wanda ake ƙerawa a Indiya, ya cancanci a girmama shi, musamman mai inji 150. Ba ya shan fetur da yawa, kujerarsa doguwa ce, kuma tun da shi ne dokin 'yan acaɓa, babu ƙauyen da za a rasa wayar kulocinsa. Sai dai sandar kam ɗinsa a sama take da sarƙar tayimin, kuma wannan kaɗai ya sa na ajiye shi a mataki na biyu. TVS ɗan garinsu ne kuma kusan tsarinsu ɗaya, amma a ganina kayansa ba su kai na Boxer yaɗuwa a ƙauyuka ba. Tsofaffin masu hayaƙi irin AX100 suna da sauƙin gyara, amma fetur ɗin da suke sha ya isa ya kore su daga wannan zance. Manyan kuwa, irin BMW GS da sabuwar Africa Twin, a kan kwalta babu kamarsu, amma ranar da wata fitila ta kama a fuskarsu sai an nemi kwamfuta ta faɗi ciwon, kuma babu wanda zai ba ka aron famfon fetur ɗinsu a garin Serti da ke kan hanyar Mambila.

Abin da ya sa nake nanata maganar sandar kam shi ne abin da ya same ni a bayan Ningi. Kwana ɗaya kafin tafiyar na sayi baƙin mai a wani shago, robar da hatiminta da tambarin sanannen kamfani, farashin kuma ya ɗan yi ƙasa da na gidan mai, har ina murna na yi ciniki. Babur ɗina na lokacin mai kam a sama ne. Bayan tafiyar kamar sa'a uku sai na ji ƙarfinsa yana raguwa, wata ƙara siririya tana fitowa daga saman inji kamar ana kaɗa cokali a cikin gwangwani. Da na tsaya na zaro ma'aunin mai, abin da ya ɗigo a yatsana ya tsinke kamar ruwan shayi, yana warin ƙuna. Da aka buɗe saman injin washegari, sandar kam ta yi zane-zane, mazauninta ya cinye, kuma kuɗin da na kashe ya ninka abin da na rage a wurin sayen man fiye da sau talatin. Ba na cewa injin CG zai sha irin wannan mai ya zauna lafiya har abada, amma da shi ne da wataƙila na isa Bauchi da ƙafafun babur ɗina, ba a bayan akori-kura ba.

Don haka duk babur ɗin da mutum ya zaɓa, ya sani cewa jabun kaya sun fi ramukan hanya kashe inji. Masu wannan sana'a suna tattara robobin mai da aka zubar a gareji, su wanke su, su cika su da tsohon mai da aka tace ko wanda ba a zuba masa sinadaran kariya ba, su manna sabon hatimi. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irin waɗannan kaya, amma kasuwa tana da faɗi. A sayi mai a babban gidan mai ko wurin dila na kamfani, a duba zoben murfin ko an taɓa karya shi an liƙa, a duba lambar da aka buga a jikin roba ko tana gogewa da yatsa, kuma bayan an juye a huda robar da wuƙa kafin a jefar, don kada ta dawo kasuwa. A tabbata an ga rubutun JASO MA a jiki, domin kulocin waɗannan babura cikin mai yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna da sinadarin rage gogayya da ke sa kuloci ya riƙa sulɓewa a kan tudu. Ni a lokacin ƙura ba na bari mai ya wuce kilomita 1,500, kuma ina ɗaukar lita ɗaya daga gida maimakon in saya a hanya.

Fulogi shi ne na biyu. Sunan NGK ya yi ƙarfi har ya zama shi aka fi yi wa jabu, kuma kwalin kaɗai ba ya nuna komai. Na gaske wasarsa ba ta fita daga zaren da sauƙi, rubutun da ke kan farin tangaran ɗinsa ba ya kankaruwa da farce, kuma ƙarfen tsakiya yana zaune daidai ƙarƙashin ƙugiyar. Na jabu yakan yi aiki mako biyu lafiya, sannan ya fara yanke wuta idan inji ya yi zafi, mutum ya yi ta zargin kafireta da kwayil yana kwance abin da lafiyarsa ƙalau. Mafi muni shi ne wanda kansa ke narkewa ya faɗa kan fistin. A riƙe biyu na gaske a cikin jaka, a naɗe su da tsumma.

Sarƙa ma haka. Waɗannan ƙananan babura yawanci mai lamba 428 suke ɗauka, kuma ta banza takan miƙe cikin 'yan kwanaki har a ƙure wurin ja. Gwajin mai sauƙi ne: a kama sarƙar a bayan farantin haƙori na baya a ja ta waje, in ta ɗago har rabin haƙori ya bayyana, ta gama aiki. Kada a yarda a sa sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora da suka lanƙwashe kamar ƙaho, domin za su cinye ta. A canza sarƙar da farantan haƙori na gaba da na baya tare, a bar mata sassaucin kamar milimita 25 a tsakiya, a kuma sa makullin mahaɗinta bakinsa a rufe yana fuskantar inda sarƙar ke tafiya. Akwai masu sayarwa da za su nuna maka ta gaske a hannu, su naɗe maka wata a leda, saboda haka kada idonka ya bar kayan har su shiga jakarka.

Game da babur ɗin kansa, tun da fasalin CG kowa ya kwaikwaya, tambarin tanki ba hujja ba ne, domin da 'yan kuɗi kaɗan ake sayen sa a manna. A duba lambar inji da ta firam a gwada su da takardu, a shafa wurin da yatsa a ji ko an goge an sake bugawa. Kwaikwayon China mai kyau wanda aka sayar da sunansa na gaskiya ba laifi ba ne, kuma kuɗinsa ya fi sauƙi, sai dai notocinsa sukan yi laushi, don haka a ɗaure su da hankali kada zare ya tafi. Wanda zai sayi na hannu ya je da safe kafin a tayar da shi, ya taɓa injin ya ji da sanyi, domin dillalin da ya riga ya ɗumama babur kafin mai saye ya iso yawanci akwai ƙarar da yake so ta kwanta ko shuɗin hayaƙin da yake so ya wuce.