Beljiyam, na hannu ko sabo? Abin dubawa kafin ka biya kuɗin kayan wuta a Kaduna

Mai neman firji, fanka ko dutsen guga a Kaduna hanya uku ce a gabansa: beljiyam da aka shigo da shi daga waje, na hannu irin wanda ake gyarawa a sayar a Panteka, ko sabo daga Kasuwar Gumi. Kowanne ka zaɓa, kafin ciniki juya bayansa ka karanta ɗan allon da ke liƙe. Wutarmu bolt 230 ce mai bugu 50 (a allon za ka ga 230V, 50Hz), daidai da ta Ingila da Jamus. Ta Amurka 120 ce mai bugu 60, ta Japan 100.

A nan ake yawan cutuwa. In kayan Amurka ko Japan ne, za a ce maka, "Alhaji, sa masa siteb-dawun kawai." Gaskiya yana rage ƙarfin wuta, amma ba ya canja bugunta, don haka kwamfiresan firjin Amurka zai riƙa aiki da zafi. Ranar da wani ya manta ya jona shi kai tsaye a soket, shi ke nan. A ganina beljiyam na Turai kaɗai ya cancanci kuɗinka.

In firji ne, shi ma duba gas ɗinsa. In an rubuta R12, firjin ya kai shekara 30 ko kusa, domin Turai ta daina yin wannan gas tun tsakiyar shekarun 1990, bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. R600a na zamani ne, ba ya shan wuta sosai, sai dai yana kamawa da wuta in ya zuba. Don haka kada a ɓamɓare ƙanƙarar firjin da wuƙa, kada a huda shi gas ɗin ya zuba.

Na hannu ya fi araha, kuma tsohuwar fanka mai nauyi sau da yawa ta fi sabuwa ƙarko. Damuwata wayarsa. Ka ce a kwance fulogin a gabanka. Kayan da jikinsa ƙarfe ne dole ya zama da waya uku: ruwan ƙasa mai wuta, shuɗiya, da mai kore da rawaya wadda ke kai wuta ƙasa in ta ɓalle. Tsofaffin kayan Ingila ja, baƙi da kore suke zuwa da su. Na sha ganin an yanke ta ukun an bar ta tana lilo, kuma irin wannan firjin ne ya taɓa jan ƙanwata tana da jiƙaƙƙen hannu. Allah Ya kiyaye, amma har yau ban manta ƙararta ba. Wanda ke da alamar murabba'i biyu, ɗaya cikin ɗaya, shi ne aka ƙera ba ya buƙatar wannan waya.

Ka leƙa fiyus kuma: amfiya 13 ga dutsen guga, 3 ga fitila ko rediyo. In waya aka naɗa a gurbinsa, ko ka ga an ɗaure igiyar da salatif, sai an canja kafin ka biya.

Abin da ke dumama kuwa, butar lantarki, hita da dutsen guga, sayi sabo, bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba. Sabon ma akwai jabu, don haka a nemi rasit da garanti, wanda aka ƙera a Najeriya kuma a duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya.

Firji dai kada ka yarda da gwajin minti biyu. A bar shi a jone kamar rabin awa, ka ji ya fara sanyi, mai gyaranka ya auna jikinsa da mita ko wuta na fita, sannan a kira mai Keke.