Openbox ko i3 a tsohuwar laftof?

Ɗan'uwanmu na Maroua a Kamaru ya ce laftof ɗinsa ta gwanjo ce, RAM giga 2, ya sa mata Debian, wani nau'in Linux, amma tebur ɗinta na GNOME na jan ƙafa. Yana so ya san wanne zai koya, Openbox ko i3, manhajoji biyu masu kula da tagogi a allo.

Ɗan'uwa, batun nauyi kada ya dame ka. Dukansu ba su cin RAM na a zo a gani. Firefox ne zai cinye maka ita ko wanne ka ɗauka. Bambancin shi ne wa ke jera tagogi, kai ko na'ura.

A Openbox kai ne. Tagogi na hawa kan juna kamar a Windows, ka ja wannan da linzami, ka ƙara wa waccan faɗi. Ranar farko za ka ga allo wayam, ka zaci wani abu ya lalace. Bai lalace ba, danna maɓallin dama na linzami, menu zai fito. Sandar ƙasa sai ka ɗora manhajar tint2 da kanka. Saitin Openbox yana cikin fayil ɗin rc.xml, gyara shi da hannu kuwa akwai gundura.

i3 kuma, wanda Michael Stapelberg ya fara a 2009, shi ke raba allo. Taga ɗaya ta cika allo, ka buɗe ta biyu su raba shi biyu. Mod (maɓallin Alt ko na Windows, wanda ka zaɓa) da Enter ya buɗe tasha, wato terminal inda ake rubuta umarni, Mod da d ya nemo manhaja, Mod da Shift da q ya rufe. Fayil ɗin saitinsa rubutu ne zalla, ana karanta shi cikin sauƙi.

Ga inda mutanenmu ke tuntuɓe. Laftof da yawa a nan maɓallansu AZERTY ne, tsarin Faransa, sai ka danna Shift kafin lamba ta fito. In ka kwafo saitin wani Ba'amurke, Mod da 1 ba zai kai ka filin aiki (workspace) na farko ba. A fayil ɗin saitin ka sa ampersand (sunan &) a madadin 1, eacute (sunan é) a madadin 2, ko ka yi amfani da bindcode 10 da 11, wato lambobin maɓallan kansu. Wanda tasa ta zo daga Kano da QWERTY, wannan bai shafe shi ba.

Ni dai i3 zan ce maka, in aikinka rubuta code ne da zama a tasha, don allon laftof ƙarami ne, i3 kuma ba ya ɓarnar wuri. In ƙannenka ma na taɓa na'urar, Openbox ya fi, domin wanda bai san maɓallan i3 ba ko fita ba zai iya ba.

Ka girka su duka da apt, umarnin girka manhaja a Debian, ba su cin data sosai, ka riƙa zaɓa a allon shiga. Kar ka goge tebur ɗin da kake da shi tukuna, kuma ka sa nm-applet, ƙaramar alamar haɗa intanet, ya tashi tun farko, in ba haka ba sai ka rasa inda za ka haɗa Wi-Fi.