Gargaɗi Kan Masu Damfara da Sunan Kai Mutane Gandun Dajin Yankari

Ina rubuta wannan gargaɗi ne domin iyalai da makarantun da ke shirin ziyartar Yankari a wannan rani, saboda abin da ya same mu a Kano, kuma ina kyautata zaton waɗanda suka cuce mu ba su daina ba, suna kawai suka canza.

A Facebook na ga tallan, ɗauke da hotunan giwaye a bakin kogin Gaji da na yara suna wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Sun ce kuɗin da mutum zai biya ya haɗa da mota, masaukin kwana biyu, abinci, kuɗin shiga da na zagaya daji, a kan farashin da ko kuɗin man zuwa da dawowa bai kai ba. Duk wanda ya nuna sha'awa sai a saka shi a wani zauren WhatsApp, inda wasu ke ta turo shaidar biyan kuɗi suna yaba tafiyar bara, waɗanda daga baya muka gane cewa 'yan damfarar ne da kansu suke amfani da layuka daban-daban. Kullum sai a sanar cewa kujeru sun kusa ƙarewa, don haka a biya rabi a matsayin kafin alƙalami. Na biya wa kaina da maiɗakina da yara uku, a cikin asusun wani mutum, ba na kamfani ba.

Ranar tafiya, ana idar da sallar asuba muka hallara a inda suka ce motar za ta tsaya. Yarana suna rungume da jakunkunansu, ƙaramar ta ƙi yarda a riƙe mata kular abincinta. A gefenmu akwai wata malamar makaranta da ɗalibanta cikin kayan makaranta, tana riƙe da takardar sunayen iyayen da suka ba ta kuɗi. Kafin ƙarfe takwas an cire mu daga zauren ɗaya bayan ɗaya, layukansu duk a kashe, shafin kuma ya yi ɓatan dabo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, alamomin ƙaryar suna nan tun farko ga duk wanda ya san wurin. Rasidin da suka turo mini yana ɗauke da sunan hukumar tarayya mai kula da gandayen daji na ƙasa. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, amma tun 2006 aka mayar da shi ga gwamnatin Jihar Bauchi, kuma ita ke riƙe da shi. Saboda haka duk rasidin shiga Yankari da aka buga da sunan hukumar tarayya a yau jabu ne.

Sai maganar hanya, wadda ita ce ma'aunin da nake ba kowa shawara ya gwada su da shi. Sun rubuta cewa awa uku za ta kai mu daga Kano. Tsakanin Kano da Bauchi kaɗai akwai kusan kilomita 300, ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi. Daga Bauchi sai a ɗauki hanyar Gombe zuwa Dindima, a karkata zuwa ƙofar shiga da ke ƙauyen Mainamaji a Ƙaramar Hukumar Alkaleri, sannan a ƙara tafiyar kimanin kilomita 40 a cikin daji kafin a isa masaukin Wikki. Wanda ya taɓa kai mutane ko da sau ɗaya ne zai lissafo maka waɗannan wurare ba tare da inda-inda ba, kuma zai gaya maka a cika tanki tun a Bauchi, a tashi da wuri domin a isa da sauran rana.

Sun kuma yi alkawarin cewa kowa zai ga zaki. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, zakunan da suka rage a cikinsa kuwa kaɗan ne, kuma jagora na gaskiya ko ganin giwa ba ya ɗaukar maka alkawarinsa. Iyakar abin da zai ce shi ne, da rani, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin Gaji neman ruwa, an fi samun damar ganin ɓauna da gwanki da giwaye.

Kafin ka tura ko sisi, ka nemi sanin ofishin kamfanin ka je da ƙafarka, ka duba rajistarsa a shafin CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ka kuma tabbatar sunan asusun ya yi daidai da sunan kamfanin. Ka tuntuɓi mahukuntan Yankari kai tsaye ka ji ko da gaske an kama ɗakunan, ta lambar da ka samo da kanka, ba wadda mai tallan ya ba ka ba. Idan kuwa ka riga ka biya, kada kunya ta hana ka magana: ka sanar da bankinka nan take, ka adana hotunan hirarku da shaidar tura kuɗi, ka kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC.

Mu da abin ya shafa mun haɗa takardunmu mun kai ƙara tare, kuma har yau muna bibiya. Malamar nan kuwa, da na kira ta a makon jiya, ta shaida mini cewa daga albashinta take mayar wa iyayen yara kuɗinsu, wata bayan wata.