Cin abinci a waje a Zariya: ina ya kamata a zauna, kuma da wane lokaci?

Zariya gari ne da baƙo ba ya yankewa a cikinsa. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ɗalibai ke kwararowa harabobinta na Samaru da Kongo, ga masu jinya a asibitin koyarwa da ke Shika, ga sojoji da ma'aikata, ga kuma matafiyan da ke yada zango a Kwangila a kan hanyarsu ta Kaduna ko Kano. Yawancin waɗannan mutane ba su da tukunya a kan wuta, don haka dole su sayi abin da za su ci, kuma zaɓin da ke gabansu yana da yawa: mai tanda a bakin hanya, teburin mai shayi, gidan tuwo, gidan abinci na zamani, da tukubar mai tsire. A ganina, kafin mai saye ya dubi farashi ko kyawun kujeru, ya kamata ya fara tambayar kansa ko wannan ne lokacin wannan abincin, kuma ko yanzu aka sauke shi daga wuta, domin kusan duk wata nadama ta cin abinci a waje daga nan take tasowa.

Unguwa ma tana da tasiri. A cikin Birni da Tudun Wada an fi samun abincin gargajiya da aka yi shi yadda aka gada, kuma sau da yawa mafi daɗinsa a ƙofar gida ake sayarwa ba tare da wani allon talla ba, sai dai a tambayi ɗan unguwa. Sabon Gari, wadda ta bunƙasa bayan zuwan layin dogo a farkon ƙarnin da ya wuce, ta tara ƙabilu daban-daban, shi ya sa mai neman sakwara da miyar agushi, ko amala, ko teba, can ya fi dacewa ya nufa. Samaru kuwa kasuwarta ɗalibai ne: abinci da sauƙin kuɗi, ciniki har dare, amma idan aka tafi hutu ko aka shiga yajin aiki irin na 2022 da ya ɗauki wata takwas, ciniki yana ja baya, tukunya tana daɗewa ba ta ƙare ba, kuma a irin wannan lokaci ya kamata mai saye ya ƙara sa ido.

Da safe, gasar tana tsakanin mai waina, mai ƙosai da mai shayi. Waina ce ta fi riƙe ciki, musamman idan aka haɗa ta da miyar taushe mai kabewa da gyaɗa, amma ita ce kuma ta fi saurin lalacewa idan ta huce. Wanda ya tsaya gaban tanda zai gane mai hannu cikin ɗan lokaci: tana ɗiga mai kaɗan a kowane gurbi, ta zuba ƙullu da ludayi, ta jira har gefen ya yi ja ya saki da kansa, sannan ta juya da bakin cokali. Wainar da ta tashi da kyau takan yi ƙananan huji a ciki, tana da ɗan tsami mai daɗi wanda bai kai ga sa mutum yamutsa fuska ba, kuma ba ta barin mai yana naso a yatsu. Wadda aka tara a kula tun asuba takan yi gumi ta yi nauyi, ko da kuwa hannu ɗaya ne ya yi su. Ƙosai ya fi araha, kuma da kunun tsamiya ko koko ya isa karin kumallo, sai dai a nan man suya ne abin dubawa, domin man da ya yi baƙi yana kumfa a kasko ya sha suya fiye da kima, kuma ɗacinsa yana bin ƙosan. Mai shayi ya fi su tsada idan aka haɗa burodi da ƙwai ko indomi, amma yana da fa'ida biyu: komai a gabanka ake yi, kuma ana samunsa da sassafe da kuma tsakar dare, lokacin da sauran masu abinci suka rufe.

Abincin rana shi ne inda bambancin gidan abinci na gargajiya da na zamani ya fi fitowa fili. A gidan tuwo mai saye ne ke yanke adadin da zai kashe, ya ce a sa masa malmala kaza, nama kaza, ya zaɓi miyar kuka ko kuɓewa ko taushe, kuma idan ya zama na gida har gyara ana yi masa. Shinkafa da wake da mai da yaji, da ɗanwake, da dambu mai zogale, duk a wannan sahu suke, kuma babu wani abinci a gari da ya kai su ƙosarwa a kan kuɗi kaɗan. Lokacinsu daga hantsi ne zuwa bayan azahar. Wanda ya zo bayan la'asar yakan tarar da ƙarshen tukunya, miya ta yi kauri saboda yawan ɗumamawa, nama kuma saura ƙashi. Alamar da na fi amincewa da ita a nan ita ce cunkoson ma'aikata da 'yan kasuwa da direbobi a kan benci, domin tukunyar da ke ƙarewa da wuri ba ta samun damar kwana. Daga nan sai a dubi inda ake wanke kwanuka: idan baho ɗaya ne tun safe, ruwansa ya yi kauri da manja, gara a ce a zuba a roba a tafi da shi, ko a ƙara gaba.

Fate ya cancanci a ware shi, tunda har tsokanar Zazzagawa ake yi da shi. Tsakin masara ne da ganye, yakuwa ko alayyafo, da gauta da wake ko gyaɗa, kuma daɗinsa yana cikin zafinsa da daidaiton tsaminsa. Baƙon da ke son ɗanɗana abin da garin ya yi suna a kai ya nemi fate a unguwa wajen matan da suka saba yin sa, domin manyan gidajen abinci ba su cika sa shi a jerin abincinsu ba, kuma in sun sa, sau da yawa ba ya kama ƙafar na gida.

Gidajen abinci na zamani, irin waɗanda ake gani a wajejen unguwar PZ da kan titin Samaru, abin da suke sayarwa ya wuce abinci: akwai wurin zama mai tsabta, fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, banɗaki, da natsuwar da za a yi magana. Ga wanda ya fito da iyali, ko yake son karrama baƙo, wannan ya cancanci ƙarin kuɗin, domin ba kowace mace ce za ta saki jiki ta zauna a bencin bakin titi ba. Amma kada gilashi da hasken lantarki su ruɗi mai saye. Soyayyiyar shinkafa da kazar da ke jere a akwatin gilashi suna iya daɗewa a wurin fiye da tuwon da ke gidan tuwo, kuma haɗin kabeji mai mayonis ba ya jure ɗaukewar wuta. Babu laifi a tambayi ma'aikaci abin da aka sauke yanzu, a kuma tambayi farashin nama daban, saboda a nan ne lissafi yakan haura ba tare da an ankara ba.

Bayan magariba fage na masu nama ne. Tsire ya fi sauƙin lissafi tunda da tsinke ake sayarwa, kuma ƙuli-ƙulin da ke jikinsa yana ƙara masa auki, sai dai ƙulin yana iya ɓoye naman jiya, don haka a zaɓi tsinke a sa mai tukuba ya mayar da shi wuta har ya yi zafi sosai. Balangu ba ya ɓoye komai, ana ganin tsoka da kitse kafin a yanka, kuma al'ada ce a ba mai saye ɗanɗano kafin a yi ciniki, wanda bai kamata a ji nauyin karɓa ba. Kilishi ya fi su tsada domin nama yana raguwa ƙwarai idan ya bushe, amma shi ne na tsaraba da na tafiya, kuma nagari yakan karye ba tare da ya yi danshi ko warin tsohon mai ba. Ina ba da shawara a nemi takarda mara rubutu wajen ƙunshi, saboda tawadar jarida tana narkewa a jikin nama mai zafi.

Abin sha ne ya fi buƙatar taka-tsantsan, domin ba ya bi ta wuta a gaban mai saye. Fura da nono, zoɓo, kunun zaƙi da kunun aya duk sun dogara da tsabtar ruwa da ƙanƙarar da aka sa musu, kuma da damina, lokacin da cutar amai da gudawa ta fi yaɗuwa, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Kunun aya musamman ba ya jure zafi, cikin sa'o'i kaɗan yake juyawa idan babu sanyi, saboda haka robar da ta kumbura ko ta yi tsaki da aka buɗe ta, a bar ta. Shagunan fura masu firji da injin damu sun fi tsada kaɗan, amma ga mai yara ƙanana sun fi kwanciyar hankali, in dai ana ganin yadda ake wanke injin tsakanin damu da damu.

Akwai kuma matan da ke girki a gida suna karɓar oda ta WhatsApp, ɗan acaɓa ya kai har ƙofa. Girkinsu yakan fi na kasuwa kulawa, amma sai an ƙara kuɗin kai wa, kuma sai an yi oda da wuri. Wannan hanya ta fi dacewa da masu jinya a Shika da ke buƙatar farfesu ko abinci mara yaji, da kuma ofisoshin da za su haɗa kuɗi su yi oda ɗaya. Ga sauran wurare kuwa, yana da kyau a riƙe canji a aljihu, domin ko da yake masu tsire da masu shayi da yawa suna karɓar tiransifa a yanzu, mai ƙosai da mai waina har gobe sun fi son kuɗi a hannu.