Gargaɗi: Masu Sayar da "Maganin Buɗe Fitsari" a Intanet

Jama'a, in kun ci karo da tallan wani mai farar rigar likita a kafafen sada zumunta yana cewa ƙwayarsa tana buɗe fitsari cikin dare ɗaya, ba roba ba tiyata, don Allah ku wuce shi. Kawuna ya faɗa hannunsa, kuma ni na yi jinyarsa.

Kawu ya haura shekara 65. Ya daɗe yana fama: fitsari na zuwa kaɗan-kaɗan, sai ya yi yunƙuri, ya gama kuma ya ji kamar bai yi ba. Kunya da tsoron a sa masa roba suka hana shi faɗa wa kowa. Sai ya ga tallan, ya kira lambar. Mutumin nan bai tambaye shi shekarunsa ba, bai tambayi ko yana da asma ko ciwon zuciya ba, balle a zo maganar gwaji. Abin da ya ce kawai shi ne, "Baba, kwantar da hankalinka, ciwonka ya zo ƙarshe. Tura kuɗi a aiko maka." Aka kawo ƙwayoyi a leda, ba kwali, ba ranar lalacewa, sai ’yar takarda da aka rubuta bethanechol da biro.

A nan yaudarar take da ƙarfi, domin sunan na gaskiya ne. Bethanechol magani ne da likitoci suka daɗe da sani, kuma ba a bayar da shi sai da takardar likita. Aikinsa ya sa tsokar mafitsara ta matse ta tura fitsari waje. Ana ba wanda hanyarsa a buɗe take amma mafitsarar ta yi sanyi, kamar bayan tiyata, ko bayan haihuwa, ko in jijiyoyin da ke sarrafa ta sun samu matsala. Likita kan fara da kaɗan. Ga babba, yawanci tsakanin miligiram 10 zuwa 50 ne, sau uku ko huɗu a rana, kuma ana sha awa ɗaya kafin cin abinci ko awa biyu bayansa saboda tashin zuciya.

To amma matsalar Kawu ba sanyin mafitsara ba ce. Furostet ɗinsa ne ya kumbura, wato tsokar nan da ke kewaye da bututun fitsari a ƙasan mafitsarar namiji, ya shaƙe hanya. Irin wannan mai ciwon shi ne na farko a cikin waɗanda aka hana wa maganin. Ka ɗaure bakin salka tam sannan ka hau ta da ƙarfi, me kake jira? Fitsarin da ya rasa mafita yana iya komawa sama ya nufi ƙoda, in da ƙwayoyin cuta a ciki ya tafi da su. Ga kuma sauran waɗanda bai halatta su sha ba: mai asma, mai gyambon ciki, mai farfaɗiya, mai ciwon karkarwar jiki na Parkinson, wanda jininsa ke sauka ko bugun zuciyarsa ke da rauni, da wanda hanjinsa ya toshe. Duk wannan tambayoyin minti biyar ne a gaban likita. Wanda ya karɓi kuɗin Kawu ko ɗaya bai yi ba.

Kwana na biyu Kawu ya fara zufa, yawu ya cika masa baki, ciki na murɗawa, in ya miƙe jiri ya kwashe shi. Ya kira, aka ce masa, "Ciwon ne ke fita, Baba. Ƙara biyu-biyu." Har ma aka yi masa tayin wata ƙwaya ta "wanke ƙoda" da zai ƙara saya. Daren kwana na uku fitsari ya tsaya cak. Na same shi a durƙushe, mara ta yi tauri kamar dutse, dattijo mai dauriya yana hawaye. A asibiti aka sa robar da ya yi ta gudu, aka zuƙe fiye da lita ɗaya, alhali mafitsara kan fara neman a sauke ta tun tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na haka. Cikin mintuna ya samu sa'ida. Gwaji ya nuna ƙodarsa ta taɓu, amma Alhamdu lillahi an tare da wuri.

Har yau ba mu san abin da ke cikin ƙwayoyin nan ba. Ko maganin ne na gaske, ko jabu ne, ko an haɗa da wani abu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kusan ɗaya cikin kowane goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci, kuma wannan ya haɗa har da waɗanda ke cikin kwali. Ina ga na leda?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda suke cin kasuwa da kunyar dattawanmu. Sun san mutum zai fi son ya yi magana da baƙo a waya da ya buɗe baki a gaban ɗansa. Shi ya sa kalmar "sirri" ba ta barin bakinsu. In kana da uba ko kawu da kake ganin yana yawan tashi cikin dare ko yana daɗewa a banɗaki, ka nemi dabarar tambayarsa cikin ladabi kafin wani ya riga ka. Wanda kuma fitsari ya tsaya masa gaba ɗaya, mara na ciwo tana kumbura, babu ƙwayar da za a jira. Asibiti za a nufa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.

Yanzu Kawu yana kan tamsulosin da likita ya rubuta masa, wanda shi sassauta hanyar yake yi, kuma an cire robar. Mun kai sauran ƙwayoyin da hotunan saƙonnin ga hukumar kula da magunguna. Lambar da muke kira an toshe mu a kanta tun daga ranar. Amma makon jiya na sake ganin bidiyon, fuska ɗaya, farar riga ɗaya, sai dai suna da lamba sun canza.