Birni da gunduma a kan iyaka guda: da wace manhaja za ka zana taswirarsu?

A Amurka akwai biranen da suka haɗe da gundumarsu, hukuma ɗaya, iyaka ɗaya. Filadalfiya ta yi haka a 1854, San Faransisko a 1856, Denba a 1902. Mai zana taswirar irin waɗannan wurare zai tarar layi biyu sun hau kan juna, sunan birni da na gunduma kuma suna kokawa a wuri guda.

Kafin ka kashe ko sisi, duba inda za ka samo iyakokin. Hukumar ƙidayar Amurka tana bayar da fayilolin TIGER/Line kyauta, na gundumomi daban, na birane daban. Da yake tushensu ɗaya, layukan suna zama daram a kan juna. In ka haɗa nata da na OpenStreetMap, taswirar intanet da 'yan sa-kai suke zanawa, za ka iya ganin siraran tsaga a gefe, kamar ƙofar da kafinta bai auna da kyau ba.

Google My Maps kyauta ce, ba ta da wuyar koyo, amma shimfiɗa (layer, wato rukunin bayanai da ake ɗorawa a kan taswira) goma kawai take ɗauka, kuma sai ka mayar da fayil ɗinka KML, nau'in fayil ɗin taswira da take karantawa, tukuna. Ta ishi ɗalibi mai aikin makaranta. ArcGIS Pro ta kamfanin Esri ƙarfinta ba a magana, sai dai lasisinta da tsada, kuma a Windows kaɗai take aiki. In ba ofis ne zai biya ba, ni ban ga dalili ba.

QGIS nake zaɓa. Kyauta ce, tana hawa Windows, Mac da Linux, kuma in ka sauke fayilolinka ba ka buƙatar intanet. Shafa wa gunduma launi mara kauri, ɗora iyakar birni a sama da tsinkakken layi, ka bar suna ɗaya tak.

Sai dai a kula, ba kowace haɗaka ce cikakkiya ba. Indiyanafolis ta haɗe da gundumar Marion a 1970, amma Speedway, Lawrence, Beech Grove da Southport sun riƙe hukumominsu. Haka garin Baldwin a gundumar Duval bayan haɗakar Jaksonbil ta 1968. A QGIS, umarnin Difference zai cire birni daga gunduma, abin da ya rage a allo shi ne garuruwan da za ka ware wa launinsu.